Gidajen da suka zama asibitoci a Yaƙin Basasar Amurka

A Yaƙin Basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle, likitocin soja kan karɓe duk ginin da ke kusa da fagen daga su mayar da shi asibitin wucin gadi. Gidajen manoma da majami'u da makarantu duk sun shiga wannan aiki. Ana fifita ginin da ke da rijiya, da hanyar da keken doki zai bi, wanda kuma harbin igwa ba ya kaiwa gare shi. Sau da yawa ƙyauren ƙofa ake cirewa a ɗora kan ganguna ya zama teburin tiyata.

A jihar Maryland, gidan wani manomi, Philip Pry, ya karɓi majinyata bayan gumurzun Antietam na ranar 17 ga Satumba, 1862, inda aka kashe ko aka jikkata ko aka nemi sojoji kusan 23,000 aka rasa. A gidan ne Janar Israel Richardson ya rasu bayan makonni yana jinya. Sojoji sun cinye abincin iyalin da dabbobinsu, asarar da ba su farfaɗo daga ita ba har suka sayar da gonar suka koma jihar Tennessee.

A garin Gettysburg na jihar Pennsylvania kuwa, ginin kwalejin horar da limaman cocin Lutheran ya ɗauki majinyata fiye da 600 daga ɓangarorin biyu a watan Yulin 1863.

Gidan Carnton da ke garin Franklin a Tennessee, wanda aka gina da gumin bayi, ya cika da sojojin Kudu da suka ji rauni a daren 30 ga Nuwamba, 1864. Washegari aka shimfiɗe gawar janar-janar huɗu a barandarsa. A 1866 masu gidan, iyalin McGavock, suka ba da fili aka sake binne sojoji kusan 1,500.

Dukkan gine-ginen uku an mayar da su gidajen tarihi. A Carnton, har yau tabon jini na nan a katakon daɓen ɗakunan da aka yi tiyata.