Barci da Allurar Rigakafi: Tarihin Binciken da Ya Shafi Dattawanmu

Tun fil azal mutane sun lura cewa mai zazzaɓi barci yake nema. Amma sai a shekarun 1980 masana suka fara gano dalili, lokacin da James Krueger da abokan aikinsa a Amurka suka nuna, ta hanyar gwaji a kan zomaye, cewa wasu sinadaran da garkuwar jiki ke saki idan cuta ta shiga suna jawo barci mai nauyi. Daga nan aka juya tambayar: idan garkuwar jiki tana kiran barci, shin rashinsa yana raunana ta?

Allurar rigakafi ce ta buɗe ƙofar amsa, domin an san ranar da aka yi ta, kuma ana iya auna sinadaran kariyar da jini ya samar bayanta. A 2002, Karine Spiegel da Eve Van Cauter na Jami'ar Shikago suka taƙaita barcin wasu samari zuwa awa 4 har dare 6, aka yi musu allurar mura ana cikin haka. Bayan kwana 10, kariyar da ke jininsu ba ta kai rabin ta masu cikakken barci ba, ko da yake tazarar ta gushe cikin makonni. A 2003, Tanja Lange da Jan Born a Jamus suka hana wasu matasa barci dare ɗaya tak bayan allurar ciwon hanta nau'in A. Da aka kai mako 4, waɗanda suka yi barci sun kusa ninka su a kariya.

Sai bincike ya koma kan manya. A 2012, Aric Prather ya bibiyi mutum 125 masu shekara 40 zuwa 60 da aka yi wa allurar ciwon hanta nau'in B, ya tarar masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi saura zama ba su da isasshiyar kariya.

Lamarin dattawa ya fi sarƙaƙiya. Tsufa da kansa yana rage ƙarfin garkuwar jiki, shi ya sa a 2009 Amurka ta amince da allurar mura mai ƙarfi ninki huɗu domin masu shekara 65 zuwa sama. Haka kuma barci mai nauyi yana raguwa da shekaru. A 2016, masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun yi wa dattawa 276 allurar mura, wasu da safe wasu da yamma, sai na safe suka fi samun kariya daga wasu nau'o'in cutar. Wannan ya nuna agogon jiki ma yana da tasiri. Amma da Spiegel da abokanta suka haɗa sakamakon bincike da dama a 2023, sun ga illar gajeren barci ta fi bayyana a maza da kuma 'yan ƙasa da shekara 60, ta fi sauƙi a tsofaffi.

Darasin da iyali za su ɗauka a bayyane yake: barci mataimakin allura ne, ba ya maye gurbinta. Kada a ɗage wa dattijo rigakafi don bai runtsa sosai jiya ba, domin kariya kaɗan ta fi babu. Abin da ke hannunku shi ne ku tanadar masa natsuwa a dararen da ke gaban allurar da bayanta. A rage masa goro, shayi da kofi da maraice, a kawar da hayaniya, kada a dora masa doguwar tafiya. Idan yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na yankewa, ko fitsari da ciwon gaɓoɓi na tashinsa sau da yawa, a sanar da likita. Kada kuma a ba shi ƙwayar barci sai da umarnin likita, domin tana iya jawo wa tsoho jiri da faɗuwa.