Azara: Ƙashin Bayan Gidan Makama

Wanda ya tashi a Babura ko Roni ya san sanyin tsohon soro a tsakar bazara. Idan ya ɗaga kai, abin da zai gani a rufin shi ne azara, tsagin itacen giginya, an jera shi layi-layi. Mukan ce ginin Bahaushe ginin ƙasa ne, amma ba don wannan itace ba, da babu soron da zai rufu.

Misali mafi shahara shi ne Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarkin Kano. Tarihin baka ya ce an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin da yake riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau mulki a 1463. Da Turawa suka ci Kano a 1903, a nan suka fara zaunar da ofisoshinsu. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, yau kuma wani ɓangarensa gidan adana kayan tarihi ne.

Bangon gidan na tubali ne, mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. A rufi ne gwanintar take. An fi son azarar namijin giginya saboda tauri, ga shi gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai idan tazarar bango da bango ta wuce kimanin mita biyu, takan lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. Wannan ya sa magina suka riƙa ɗaure gajerun azara, wata na ɗan zarce wata, suna lulluɓe su da ƙasa har a sami bakan gizo. Inda bakuna suka haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu.

A Ingila ma akwai tsofaffin gidajen da suka dogara da itace, kamar Little Moreton Hall, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16. Can ginshiƙan katakon a fili suke, kowa na ganin su daga waje. Mu namu a ɓoye yake cikin ƙasa. Nauyin rufin dutse ya karkatar da gidan, amma tun 1938 yana hannun ƙungiyar da ke kula da irin waɗannan gidaje, ana tokare shi ana gyarawa.

Ginin ƙasa ya fi wannan neman kulawa. Yana son yaɓe da makuba kafin damina, da share indararo don kada ruwa ya kwana a kansa. Idan aka yi sakaci na 'yan shekaru, azara ta jiƙe, rufi ya rufta. Doka tana iya hana a rushe gini, amma ba ta kwaɓa ƙasa.

A ƙasar Kazaure kwano da bulo sun ci gari, kuma ba a ga laifin kowa ba, domin gyaran kowace shekara yana cin kuɗi. Amma giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, maginan da suka iya ɗaurin guga kuwa tsufa suke yi. In babu mai shuka giginya, babu yaron da ke bin magini yana miƙa masa tubali, ranar da Gidan Makama zai nemi sabon rufi, wa za a kira?