Guzurin Ƙaramin Malami: Tarihin Kuɗin Halartar Taro da Ilimin Tsaron Kwamfuta

A farkon shekarun 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka daraja, saboda haka bai zama abin mamaki ba a ga ƙaramin malami daga Kano ya kai takardarsa taro a Ingila. Wannan hali ya soma gushewa a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta karye. Tun daga nan tafiya taro ta koma hannun manya, waɗanda masu gayyata ke biya wa jirgi.

Asusun da muke dogara da shi yanzu da gwagwarmaya aka same shi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, a ƙarƙashin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta yi yajin aiki a 1992, aka haramta ta, amma daga bisani gwamnati ta zauna da ita. A cikin shawarwarin ƙungiyar akwai ɗora wa kamfanoni haraji domin ilimi. Dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta tabbatar da wannan, kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Da farko har firamare da sakandare suna da rabo. Sai a 2011 aka mai da shi asusun TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati. Jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin fasaha da na horon malamai rubu'i-rubu'i. Daga ciki ake yankar kuɗin halartar taro.

To, a nan ne malamin tsaron kwamfuta ya sha bamban da takwarorinsa. Mai nazarin nahawu zai iya riƙe littafi guda shekara ashirin, alhali kuwa dabarun 'yan damfara ba sa shekara ba su sauya ba, kuma a wurin taro ake fara bayyana maganinsu. Wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya leƙa Kasuwar Tarauni, zai ga rumfunan masu cirar kuɗi a jere. Da wuya mutum ya zauna a ɗaya bai ji labarin wadda aka buga wa waya da sunan banki, ta karanto lambobin katinta, aka yashe ta ba. Dokar hukunta masu laifi ta intanet ta zo a 2015, amma doka ba ta shiga aji. Ɗalibanmu ne za su shiga.

Da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake saya wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da a dā kan kai malamai uku waje ya koma da ƙyar ya kai ɗaya, kuma a ganinmu ba sai an faɗi wanda kwamitin rabo zai fara tunawa da shi ba. Mun san abokin aiki da aka karɓi takardarsa a ƙasar waje, amincewar biya ta iso bayan an watse, ya karanta mana ita a ɗakin malamai.