Gadon yaro a likita: wa ya saba biya?

Damina ta kama, kuma mun san abin da take zuwa da shi: masassarar cizon sauro da tamowa, yara biyu ko uku bisa gado guda, uwaye kwance a tabarmi cikin filin likita. Shi ya sa yau muka waiwayi tarihi.

Asibiti na farko da aka keɓe wa yara kaɗai an buɗe shi a Paris a 1802, wato Enfants Malades. Kafin nan yaro da babba ɗaki ɗaya ake kwantar da su. A 1852 likita Charles West ya buɗe Great Ormond Street a Landan da gado 10 kacal, kuma da sadakar jama'a aka riƙe shi. A 1929 marubuci J. M. Barrie ya ba asibitin haƙƙin littafinsa Peter Pan, kuɗi suka riƙa shigowa shekara da shekaru.

Misalin da ya fi kama da halinmu daga Amurka yake. A 1974, a birnin Filadelfiya, likita Audrey Evans ta lura iyayen yara masu kansa suna kwana a kujerun asibiti. Masu shagunan McDonald's na garin suka tara kuɗi daga cinikin wani abin sha, aka sayi gida kusa da asibiti don iyaye su samu makwanci. Kun ji fa, mai jinya suka tuna.

Mu dawo gida. Wanda ya ga 2005 a Maraɗi ba ya mancewa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci MSF ta yi wa yara fiye da 60.000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, galibi da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara na kamfanin Nutriset na Faransa. Daga baya kamfanin STA ya kama yin shi a Yamai. A 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, sai dai kuɗin da ake mayar wa likitoci ya yi ta jinkiri, uba ya koma farmasi da ordonansi a hannu. A 2008 aka dakatar da aikin MSF Faransa a Maraɗi, muka ga yadda taimakon waje ke iya tsayawa dare ɗaya. A 2010 kuma asibitin yara na CURE ya buɗe a Yamai, inda ake gyaran karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe, shi ma da gudummawar masu bayarwa.

To, ina namu? Muna da alhazan kasuwa, bankuna, kamfanonin salula da na sufuri. Buhun shinkafa cikin azumi da ɗaukar hoto, madalla, Allah ya saka. Amma duk misalan da suka ɗore, abin da ke shigowa kowane wata ne ya riƙe su: man janareto, iskar oksijan, rumfa da abinci ga uwar da ta baro ƙauye da sauran 'ya'yanta a gida. Uwa in ta rasa abin ci, ɗauke yaron take yi kafin ya warke.

Ku faɗa mana, a likitar garinku me aka fi rashi? Za mu karanta amsoshinku a shirinmu na gaba. Allah ya ba yaranmu lafiya.