Tarihin Hotunan Bango da Mujallun Maza a Amurka

Hoton bango, wanda Amurkawa suka raɗa wa suna pin-up a farkon shekarun 1940, hoton mace ne da ta caɓa ado cikin ƙarancin sutura, wanda ake yankowa daga mujalla ko kalanda a kafe shi a bango. Kafin kyamara ta karɓe sana'ar, masu zane ne ke riƙe da ita, domin mujallar Esquire, wadda aka kafa a Chicago a 1933, da zanen George Petty ta fara tashe, sannan daga 1940 da na Alberto Vargas, mutumin ƙasar Peru.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa hotunan kasuwa, saboda sojojin da ke nesa da gida sun riƙa manna su a barikoki, har suna kwaikwayonsu da fenti a jikin jiragen yaƙi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne hoton 'yar fim Betty Grable na 1943, sanye da kayan ninƙaya tana waiwayowa.

A shekarar ce kuma shugaban gidan wayar Amurka, Frank Walker, ya janye wa Esquire rangwamen kuɗin aikawa da ake yi wa mujallu, wanda in babu shi ribar mujalla kan ƙare a hanya. Kotun Ƙoli ta warware hukuncin a 1946, tana mai cewa ba hurumin gidan waya ba ne ya auna ingancin abin da mujalla ta ƙunsa.

Hugh Hefner, tsohon ma'aikacin Esquire, ya fitar da mujallar Playboy a Disamban 1953, ɗauke da hoton tsiraicin 'yar fim Marilyn Monroe wanda aka ɗauka tun 1949, lokacin da aka sallame ta da dala 50 kacal, alhali bugun ya sayar da kwafi sama da 50,000. Dabarar Hefner ita ce lulluɓe hotunan da hirarraki da gajerun labarai na manyan marubuta, ta yadda mai saye zai sami abin fakewa. Mujallar Penthouse, wadda Bob Guccione ya kafa a Ingila a 1965, ba ta damu da wannan kara ba sosai, kuma gogayyarta da Playboy ta ƙara tsiraita hotunan, yayin da masu fafutukar 'yancin mata irin su Gloria Steinem ke sukar harkar da mayar da mace haja. Bugun Playboy na Nuwamban 1972 ya haura kwafi miliyan 7, daga nan cinikin ya yi ta ja da baya, bidiyo da intanet suka janye masu saye, har kamfanin ya dakatar da bugun takarda na yau da kullum a 2020.