Tashoshin da Ba Su Kan Akwati: Tarihin Yi wa Rediyon CB Ƙari

Bahaushe ya raɗa wa rediyon da ake magana a cikinsa a kuma amsa suna oba-oba, domin kunnensa ya kama kalmar da masu amfani da shi suke faɗa duk lokacin da suka gama magana suka miƙa wa abokin zance. A ƙasashenmu an fi ganinsa a hannun soja da 'yan sanda da masu gadi. A Amurka kuwa an yi zamanin da irinsa ya zama kayan kowa, wanda ake kira CB, wato zangon rediyo na talakawan gari. Tarihinsa ya ƙunshi wata doguwar ja-in-ja tsakanin hukumar da ta ƙayyade yawan tashoshi da mutanen da suka ga ƙa'idar ta yi musu ƙunci, suka ɗauki ƙarfen dalma suka buɗe bayan akwati.

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fara ware wa jama'a zango tun 1945, amma a kan wasu igiyoyi da na'urorinsu suke da tsada. Sai a watan Satumba na 1958 ta buɗe tashoshi 23 a kusa da megahaz 27, wurin da ta karɓe daga hannun masu rediyon sha'awa. Tsawon igiyar ya kai kusan mita 11, shi ya sa har yau ake kiran zangon da wannan suna. Sharuɗɗan ba su da yawa: a nemi lasisi, a riƙa ambaton lambar kira, kada ƙarfin na'ura ya wuce 'yan wat kaɗan, kada kuma a nemi magana da wanda yake nesa fiye da mil 150. Manufar ita ce mai shago ya kira direbansa, manomi ya kira gida daga gona.

Shekara goma sha biyar abin yana tafiya a hankali, sai rikicin man fetur na 1973 ya zo. A farkon 1974 gwamnati ta hana gudu fiye da mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89. Direbobin manyan motoci, waɗanda abincinsu yake rataye da saurin kai kaya, suka mayar da CB hanyar sanar da juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe. Tasha ta 19 ta zama dandalin matafiya, ta 9 kuwa an keɓe ta don neman agaji. A 1975 aka rage kuɗin lasisi daga dala 20 zuwa dala 4, waƙar Convoy ta C. W. McCall ta hau kan gaba a farkon 1976, har uwargidan shugaban ƙasa, Betty Ford, ta yi wa kanta laƙabin rediyo. Miliyoyin mutane suka cunkushe a tashoshi 23. A manyan birane mai kunna rediyo ba ya jin komai sai hayaniya irin ta kasuwa ranar cinta.

A nan ne ƙarin tashoshi ya samo asali, kuma ƙofar farko masana'antun ne da kansu suka bar ta a sakaye. Kiristal, wato ɗan guntun dutsen da yake tsayar da rediyo a kan igiya guda, yana da tsada, kuma da za a ba kowace tasha nata biyu, na aikawa da na karɓa, da sai an sa 46. Don haka injiniyoyi suka yi dabarar haɗa rukuni biyu: shida a gefe guda, huɗu a ɗayan, ana gauraya motsinsu. Shida sau huɗu 24 ne, doka kuwa 23 ta yarda. Saboda haka a kan maɓallin juya tashoshi akwai wani gurbi tsakanin 22 da 23 wanda aka kashe da gangan. Duk wanda ya san kan waya yana iya raya shi, ya samu kansa a megahaz 27.235, tashar da aka yi wa laƙabi 22A. Akwai kuma gurabe biyar da aka tsallake tsakanin tashoshin, waɗanda aka bar wa masu sarrafa ƙananan jiragen wasa da motocin wasa daga nesa. Su ma ba su tsira ba. Wasu sukan musanya kiristal ɗaya da wani, sai rukunin tashoshi huɗu ya ƙaura gaba ɗaya zuwa inda babu kowa.

Ranar 1 ga Janairun 1977 hukuma ta ƙara tashoshin zuwa 40, iyakarsu megahaz 27.405. Gurbin nan na 22A ya zama halattacciyar tasha ta 24, abin da ya bar wata 'yar karkata da har yau take nan: tasha ta 23 tana sama da ta 24 da ta 25 a jerin igiyoyi, domin ba a so a sauya wa tsohuwar lamba mazauni. Sai dai ƙarin ya zo tare da wata sabuwar fasaha da ta sauƙaƙa aikin masu ƙari fiye da da. Sababbin rediyoyin sun bar tarin kiristal sun koma ga wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira PLL, wadda take ƙirga igiya bisa lambar da maɓalli ya aika mata ta ƙafafunta. Ƙwaƙwalwar ba ta san doka ba, lissafi kawai ta sani, kuma irin su PLL02A da MB8719 suna iya ƙirga lambobi fiye da arba'in. Maɓalli ne kaɗai yake hana su. Mai gyara yakan ƙara makunni ɗaya ko biyu a jikin akwati, sai ga tashoshi sama da ta 40 da ƙasa da ta ɗaya. Daga baya masana'antu suka koma ga ƙwaƙwalen da aka rubuta tashoshi arba'in a cikinsu ba yadda za a sauya, amma hakan sai ya ɗaga darajar tsofaffin na'urori irin Cobra 148 GTL a kasuwar bayan fage.

Me ake nema a can? Da farko sarari ne kawai. Amma a wajen 1979 zuwa 1980 rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara goma sha ɗaya, lokacin da saman iska yake ɗaukar caji har ya riƙa dawo da igiyar mita 11 ƙasa a wata nahiya. Rediyon da aka yi don kiran maƙwabci sai ya wayi gari yana kai murya ƙetaren teku. Tazarar da take tsakanin tasha ta 40 da megahaz 28, inda zangon masu rediyon sha'awa ya fara, ta zama mahaɗar mutanen ƙasashe daban-daban, suna kiran juna a megahaz 27.555. Suka kira wurin zangon 'yanci. Sunan yana da daɗin ji, amma ba gaskiya ba ne, domin an riga an raba wa hukumomi da wasu ma'aikatu wannan fili. Daga nan kasuwa ta shigo da nata wayon: na'urorin da ake sayarwa da sunan na masu sha'awa ne ko na fitarwa waje, alhali an ƙera su yadda yanke waya guda zai mayar da su CB mai ɗaruruwan tashoshi. FCC ta sha haramta su tana cin dillalai tara, ba su ɓace ba.

A ganina, wanda ya ɗauki masu ƙarin nan a matsayin jarumai zalla ya yi rabin karatu. Gaskiya ne doka ta yi jinkiri, jama'a kuma suka riga ta. Amma akwatin da aka buɗe ba tare da kayan awo ba yakan fantsama murya zuwa tashoshin da suke gefensa, musamman idan an haɗa shi da na'urar ƙara ƙarfi. Ninkin megahaz 27 shi ne 54, daidai bakin tasha ta biyu ta talabijin a Amurka, don haka maƙwabci mai kallon labarai shi ne yake biyan kuɗin 'yancin wani. Mai jirgin wasa kuwa yana iya ganin abin da ya yi watanni yana haɗawa ya rikito ƙasa.

Labarin Birtaniya ya fi nuna yadda hukuma take koyon darasi a makare. A ƙarshen shekarun 1970 CB haramun ne a can baki ɗaya, amma an yi ta shigo da na'urorin Amurka a ɓoye, ana kuma zanga-zangar neman halatta su. Gwamnati ta amince ranar 2 ga Nuwamban 1981, sai dai ta zaɓi tsarin FM maimakon AM, ta kuma ajiye tashoshinta 40 tsakanin megahaz 27.60125 da 27.99125, inda babu na'urar Amurka da take kaiwa. Lasisi fam 10 ne. Nufin shi ne tsofaffin akwatuna su zama marasa amfani. Abin da ya faru shi ne masu gyara suka samu sabuwar sana'a ta sa wa rediyo allon da zai ba shi tashoshin Birtaniya da na Amurka a akwati guda, na'urori masu zango uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, tashoshi 120, suka yi farin jini. A 1987 aka halatta tashoshin bai-ɗaya na Turai, waɗanda su ne dai na Amurka, sai mai lasisi ya samu 80. An soke lasisin a Disambar 2006, a 2014 kuma aka yarda da AM da SSB, wato ainihin abin da masu zanga-zanga suka nema shekara talatin da 'yan kai kafin nan.

Amurka ta daina neman lasisi tun 1983, ta cire iyakar nisan magana a 2017, ta yarda da FM a 2021. Yawan tashoshin dai bai motsa daga 40 ba tun 1977, kuma buɗe akwati don fita daga cikinsu har yanzu laifi ne a can, ko da yake wayar salula ta kwashe yawancin cunkoson da ya haifar da al'adar.