Gadon Ons Jabeur da Batun Filin Wasan 'Ya'ya Mata a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Sau uku Ons Jabeur 'yar ƙasar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a manyan gasannin tanis huɗu na duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kofin ba. Duk da haka, babu wani ɗan wasan tanis Balarabe, mace ko namiji, da ya taka matsayin da ta taka. Da'awar wannan maƙala ita ce: babban gadon Jabeur yana cikin hanyar da ta samar da ita, wato uwa, da filin aro, da makarantar gwamnati. Idan aka auna Talata Mafara da Bakura da Maradun da wannan ma'auni, za a ga cewa muhawarar sutura da ta daɗe tana cinye lokacinmu ba ita ce ƙashin bayan matsalar ba.

Tafiyar Jabeur

An haife ta ranar 28 ga Agusta, 1994, a Ksar Hellal, ta tashi a Sousse da ke gaɓar teku. Mahaifiyarta, wadda take buga tanis don motsa jiki, ita ta fara kai ta fili tana da shekara uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar da take horo a cikinta ba ta da filin kanta a wani lokaci, sai kocinta Nabil Mlika ya riƙa horar da ita a filayen otal-otal na 'yan yawon buɗe ido. Tana da shekara 12 ta koma Tunis, ta shiga makarantar sakandaren wasanni ta gwamnati da ke El Menzah, inda ake haɗa karatu da horo.

A 2011 ta lashe gasar matasa ta Faransa, amma sai da ta yi kusan shekara goma tana fama da rauni da faɗi-tashi kafin ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Ostireliya a 2020. A 2021 ta ci kofin Birmingham, ta shiga sahun goma na farko a duniya. A 2022 ta lashe gasar Madrid, ta hau matsayi na biyu, ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon da gasar Amurka, inda Elena Rybakina da Iga Swiatek suka doke ta. A 2023 ta sake rasa kofin Wimbledon a hannun Marketa Vondrousova. Abin lura shi ne, a wannan ganiyar tata ma 'yan gida ta riƙe: kocinta Issam Jellali ɗan Tunisiya ne, mijinta Karim Kamoun kuma shi ke kula da ƙarfin jikinta. Wannan ya rushe tunanin cewa sai an miƙa yaro kacokan ga Turai kafin ya zama gwani.

Ma'aunin a Zamfara

Garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamnoni uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ke nan shekara 20 cikin tarihin jihar da aka ƙirƙira a 1996 'yan yankin suka riƙe ragama. Ba za a ce yankin ya rasa murya a gidan gwamnati ba.

A farkon shekarar 2000, lokacin da ake shirin fara aiki da shari'ar Musulunci, hukumomin wasanni na jihar sun hana mata buga ƙwallon ƙafa. Damuwar da ta haifar da matakin, wato tsiraici da cakuɗuwar maza da mata, damuwa ce ta gaske a wurin iyaye, kuma ba a warware ta da izgili. Sai dai hani rabin siyasa ne. Ɗaya rabin shi ne a samar da madadin da ya dace. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na tseren Manzon Allah (SAW) da Nana A'isha (RA) ya nuna motsa jikin mace ba abin ƙi ba ne a kan kansa. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince da hijabi, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da shi. Tanis ya fi sauƙi ma: babu gogayyar jiki, mutum biyu sun isa, filin kuma tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 10.97. Katangar makarantar 'yan mata za ta ɗauke shi, ba tare da idon baƙo ya kai ba.

Ainihin cikas ya bayyana a 2021. A watan Fabrairu 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 daga sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, a Satumba kuma suka kwashi ɗalibai a sakandaren Kaya ta Maradun. Matakin da ya sauya rayuwar Jabeur shi ne barin gida zuwa makaranta tana da shekara 12. Wannan matakin ne iyayen yankin suka fi jin tsoro a yau, kuma suna da hujja.

Ƙalubale ga wannan ra'ayi

Mai suka zai ce tanis wasan masu hannu da shuni ne, kuma manomin da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori yana da buƙatun da suka fi raga da ƙwallo. Zai ƙara da cewa Tunisiya ta bi tafarkin tsohon shugabanta Habib Bourguiba da dokar iyali ta 1956, tafarkin da al'ummar Zamfara ba ta zaɓa ba, kuma Jabeur ba ta buga wasa da hijabi. Duka gaskiya ne. Amma abin koyi a nan tsari ne, kuma tsari yana karɓar kayan da al'umma ta sa masa. Yarinyar da ta gwanance a carafke ta riga ta mallaki haɗin ido da hannu. Wadda ta saba da gaɗa tana da numfashi da sauƙin ƙafa. Abin da ya rage shi ne malama mai horo da fili mai tsaro. Gasar tanis ta Dala da ake yi a Kano shaida ce cewa tanis ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Kammalawa

Ba kowace makaranta ce za ta fitar da irin Jabeur ba, Tunisiya ma guda ɗaya ta fitar. Ribar da ta fi tabbas ita ce lafiyar ɗalibai da ƙarin dalilin zama a aji. Don haka matakai uku sun wajaba a jere: a tsare makarantun 'yan mata, a horar da malamai mata na motsa jiki, sannan a buɗe filaye kamar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ga 'yan mata a ranaku keɓaɓɓu. Gwamnatin da ta yi waɗannan ta amsa damuwar iyaye, ta kuma sauke haƙƙin 'ya'yansu.